Firji a Bakin Gajeriyar Ƙofa

A tsohuwar unguwa, inda gidaje ke jingine da juna kamar marasa lafiya a layin asibiti, wata dattijuwa na zaune daram a bakin ƙofarta. Ƙofar gajeriya ce, kowa zai shiga sai ya rusuna. Ita ma 'yar firit ce, tabaranta ɗaure da zare, sanda gicciye a cinya.

A titi ga sabon firji tsaye cikin kwalinsa, ga magini riƙe da guduma, ga wani mai tumbi yana sharce gumi. Da alama surukinta ne, domin murya ƙasa-ƙasa yake magana alhali jijiyar wuyansa ta tashi.

"Inna, taƙi ɗaya za a ɗaga ƙofar. Firjin nan naki ne fa."

"Kakana tela ne, daidai tsayinsa ya gina ta," in ji ta. "Alƙali ma a sunkuye yake shiga karɓar rigarsa. Ta nan aka fitar da gawar mijina, bai yi ƙorafi ba. A kwantar da abin mana."

"Mai shago ya ce in an kwantar da shi zai lalace."

"To, ɗan nan, firjin ya tsaya nan har ya koyi ladabi."

Ko kallon gudumar ba ta yi ba, wataƙila ba yau ta fara ganin irinta ba. Magini ya dubi ƙofa, ya dubi sanda, sannan ya tambayi surukin inda ake sayar da doguwar wayar lantarki.