Ambulan Ɗin da Alhaji Ya Ƙi Buɗewa

Ko zan manta komai a sana'ar nan, ba zan manta da takardar da na rubuta da hannuna ba, wadda ta kusa raba wani bawan Allah da ubangidansa na shekara ashirin.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin lauya kafin na ninke baƙar rigata na ajiye. Na buɗe ɗan ofis a GRA ina nemo wa kamfanoni shugabanni. 'Yan gidanmu suka ce Barista ta koma dillancin mutane. Ko a jikina, don na san ina da idon gane wanda ya iya aiki.

Aikina na farko, wani sabon kamfanin sarrafa madara ne ke neman babban manaja. Na kuwa samo musu: wani malam mai sanyin magana da ke riƙe wa wani Alhaji harkar abincin dabbobi a Ƙofar Kaura. Babu rugar da ba a san shi ba. Kamfani suka yaba, shi ma yana so. Da na nemi takardar yarjejeniyarsa da Alhaji, sai ya yi murmushi. "Wace takarda, Barista? Tun ina saurayi ya ɗauko ni. Shi ya yi mani aure."

Ni da kan lauya, sai na ji daɗi, wai babu abin da ya ɗaure shi ke nan. Na tsara masa takardar ajiye aiki da wa'adin wata guda. Yana ta ja da baya, na ɗauka tsoro ne. Na matsa masa ya sa hannu, na sa ta a ambulan, na ba direba ya kai wa Alhaji. A lokacin gani nake na fi kowa wayo.

Kwana biyu sai ga malam a ofishina, ido ya yi ja. Tun da direba ya faɗi abin da ke cikin ambulan ɗin, Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa. "Na fasa, Barista," ya ce. "Ba ni tahiya ko'ina Alhaji na hushi da ni." Na raba shi da gidan da ya tashi, ga sabon aikin ma zai suɓuce.

Na kai kukana wajen baffana a Kambarawa. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Haba ɗiyata! Mutum ya reni yaro har ya zama magidanci, ki aika mashi takarda kamar sammaci? Tashi mu tahi."

Bayan la'asar muka isa zauren Alhaji. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Aka yi ta gaisuwa har na ƙosa. Ga ambulan a gefen dardumarsa, ko yagawa ba a yi ba. Ni da na saba zuba bayani gaban alƙali, sai na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, laifina ne, ba nasa ba. Roƙo muka zo, ka ba mu shi."

Alhaji ya ɗauki ambulan ɗin ya jujjuya. Can ya ce, "Ai na san ya hi ƙarhin shagona. Kullum addu'ata Allah Ya buɗa mashi. Amma a ce ɗana zai bar gidana, a aiko mani da ambulan?" Ya turo mini takardar. "Ɗauki kayanki."

Ranar kama aiki, Alhaji da kansa ya kawo malam a motarsa. Ya kama hannunsa ya danƙa wa shugaban kamfanin, ya ce, "Ga amana nan."

Har yau ambulan ɗin yana cikin durowata a rufe. A kotu na koyi cewa abin da ba a rubuta ba babu shi, amma a zauren nan na gane cewa abin da ya fi ɗaure mutum ba a rubuta shi. Tun daga ranar, duk wanda zan nemo wa aiki, kafin in duba takardunsa nakan fara tambayarsa: "Wa ya kamata mu je mu gaida?"