Ajiyar Maƙeri

Duk gidanmu sun ɗauka tatsuniyar Ta-Ƙasa ta haƙuri ce. Har yau in na ɗaga murya sai a ce, "Ke ba ki ji labarin Iya ba?" Na ji. Su ne ba su ji ba, barci suke yi kafin a kai ƙarshe.

Iya kakarmu ce. Bayan an sauke tuwo takan zauna gaban murhu a gidanmu na wajen Dawakin Tofa, tana tura kara da ƙafa, mu jikoki muna kewaye da ita. Sai ta ce, "To ku matso, ga ta nan ta iso." Kafin garwashi ya yi toka kowa ya ɓingire, sai ni. Ni kuwa ba ladabi ke hana ni barci ba, so nake a gama.

Ta-Ƙasa wata tsohuwa ce da ba ta taɓa ƙin karɓar ajiya ba. Mata su kawo mata toka, makiyayi ya kawo kashin awaki, masu sussuka su kawo ƙaiƙayi. Ta haɗiye duka, da kaka ta mayar musu da gero. Ran nan maƙeri ya zo da kashin maƙerarsa, wato dattin ƙarfen da wuta ta bari, ya ce ta ajiye masa. Ta karɓa. Nan ne 'yan gidanmu suka tsaya.

"Sai me, Iya?"

"Ke dai uwar gaggawa. Sai ta yi ta tauna, shekara da shekaru, ya ƙi taunuwa. Rannan 'ya'yan maƙeri suka zo cin tuwo, ta zuba musu shi a miya."

"Ashe muguwa ce."

"Ina mugunta? Ba ta da inda za ta kai shi ne."

Iya ba ta san komai game da guba ba. Ita da kanta take guɗa in jakuna sun dawo daga birni da mangalar taki, don a zamaninta sharar birni toka ce da kashin dabbobi. Sai da na shiga sakandare na ji cewa akwai ƙarafa irin dalma da ba sa ruɓewa. Suna zama a ƙasa, ruwan sama ya ja su cikin lakar rafi, ganye ya tsotsa, yaro ya ci, su taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Yanzu Iya ta rasu, jikokinta sun watse Bacirawa da Dawanau. Saura ni da 'yata Ummi da yayana Sale. Bara Yaya ya sa tifa ta juye sharar birni a gona. Na sa hannu, na tsinto fasassun batura, baƙin garinsu ya manne mini a yatsu. Na kai masa.

"Sannu likita," in ji shi. "Buhun takin zamani ke za ki saya mana? Ƙasa ai komai ci take."

"Ci take, Yaya. Ina take kai shi?"

Ya yi dariya ya wuce. Ban gwada ƙasar ba, ban san yawan gubar da ke ciki ba, kuma ba wanda zai raka ni tambaya. Abin da na sani, bana yana so ya kawo sauran sharar bayan ɗakin Iya, inda ramar da Ummi ke ci take fitowa. Da yamma nakan zauna gaban murhun nan ni kaɗai, in ji kamar har yanzu kowa barci yake.

Gobe zan kewaye wurin da dangar kara. Tokar murhu da kashin awakinmu kawai za su shiga, ko Yaya zai daina gaishe ni. Ummi kuma zan ba ta tatsuniyar tun rana ba ta faɗi ba, kuma daga miyar zan fara.