Ladan da Mama ta samu a gonar gwajina

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Setapak a Kuala Lumpur, ni da wata ƙawata da surukarta, Mama, da ta zo ziyara daga Kano. Cameron Highlands muka nufa, inda nake da ɗan filin gwaji na karatun digirina. Hanyar hawan dutsen sai kwana-kwana. A wani kedai, wato ɗan shago na bakin hanya, aka sayar mana da shayi da tsadar da ta sa Mama salati.

A mota na yi ta yi musu bayanin abin da nake shukawa. Wata ƙaya ce ta kan manyan duwatsu masu ƙanƙara, da ƙyar aka samo mini irinta. Zafin Kuala Lumpur kashe ta yake yi, shi ya sa aka kai ta sama. Ba ta tsawo, lafewa take a ƙasa don iska ta wuce ta kanta. Ganyenta na da gashi kamar auduga mai tare sanyi, saiwarta kuma doguwa ce, tana kutsawa tsakanin duwatsu. Sai ta daɗe tana tara ƙarfi kafin ta yi fure, kuma furen nan nake jira in auna kafin kuɗin tallafin karatuna ya ƙare. Ashe duk surutun nan Mama barci take.

Da muka isa na shiga ofis karɓo kayan awo, ƙawata ta tafi neman banɗaki. Ina fitowa na hango Mama a duƙe, ta naɗe hannu da gefen mayafi. Layin da ke bakin hanya, wanda ya fara fure, duk ta tumɓuke shi ta tara gefe.

"'Yar nan, haka kike barin ƙaya a kan hanyar mutane?" in ji ta. "Na kawar miki, ko lada na samu."

Wallahi raina ya ɓaci. Shukar da ta jure ƙanƙara da iska, ga ta a yashe, saiwa a sama! Amma uwar mijin ƙawata ce, tafin hannunta har da jini. Me zan ce?

Mun dawo da la'asar. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa babba bayani, ka fara duba ko idonsa biyu. Gobe zan tsaya gaban malamina ban san da wane baki zan fara ba. Da muka sauke Mama a unguwar Wangsa Maju ta tsaya tana kallona, tana jiran godiya. Na ce, "Sannu da aiki, Mama."