Sallar da aminina ya kasa amsa gaisuwa

A da, in mutum ya saba da kayan aikinsa, da su yake tsufa. Yanzu kuwa kwamfuta kan sauya kama tun ba ka gama saninta ba. Na yi aiki da ita a Jidda da Yamai da Khartum, na ga wani tsari ya tafi wani ya zo, ban taɓa damuwa ba, sai a wata Ƙaramar Sallah a Ƙofar Guga, wadda ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

Ina da amini tun na ƙuruciya, tsohon malamin makaranta. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, ta bar masa hannun hagu. Sai aka ajiye masa kwamfutar tebur a zaure. In ka gaishe shi, ya buga amsa da yatsa, ta fito da manyan baƙaƙe. Har tsiya yake mini da ita: "Sarkin yawo, yau kuma wace ƙasa?"

Gab da Sallah 'yarsa ta zo daga Abuja, ta yi abin da kowane gida ke yi. Aka yi fenti, aka sauya labule da darduma. Kwamfutar ma aka kai ta wajen mai gyara ya sa mata sabon tsari.

Sabon ya fi sauri, ya fi tsaro, ban musa ba. Amma a tsohon, maɓallin farawa yana ƙasa a kusurwar hagu, inda hannunsa ya haddace. Sabon ya dawo da shi tsakiya, ya ƙanƙanta alamomin, ya sauya wa komai mazauni.

Da aka sauko daga idi, zaure ya cika da tsofaffin ɗalibansa. Suka durƙusa.

"Malam, barka da Sallah. Ya ƙarfin jiki? Ya iyali?"

Ya ja kibiyar da ke kan allon zuwa kusurwar hagu ya danna, sai ga labaran yanayi. Ya sake, haka dai. Mutane na durƙushe suna jira. Sai ya janye hannun ya cusa cikin riga, ya sunkuyar da kai. Mutumin da ko yaro ne ya gaishe shi sai ya amsa har ƙarshe.

'Yar ta tare ni a tsakar gida tana hawaye.

"Baba Alhaji, wallahi gata na so in yi mashi."

"Na sani, ɗiyata. Ba ki dai lura ba ne cewa bakinsa kenan."

Muka koma wajen mai gyaran a Ƙofar Ƙaura. Ya ce, "Alhaji, tsohon tsarin ai ko masu shi sun bar shi."

Na ce, "Mu dai ba mu bar shi ba. Maido mana."

Sai bayan hidimar Sallah ta wuce ya gama. Abin da aminina ya fara bugawa shi ne: "Ku bi su gida-gida, ku ce Malam ya amsa." Ni na yi wannan zagayen.

Tun daga nan na koyi cewa kafin ka sabunta wa mutum abin da ya dogara da shi, ka fara tambayarsa, ko da alheri ka nufa. Kwamfutar ta koma yadda take, amma ya sa aka shigar da ita ɗakinsa. Bai sake zama a zaure karɓar gaisuwa ba har Allah ya yi masa rasuwa.