Sista Asabe, Wadda Ta Tare Ƙofar Banɗaki

Ina shanya a tsakar gida da hantsin Laraba maƙwabciyata ta shigo ko sallama babu, ta ce Sista Asabe ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A zaman makoki a Anguwan Rogo na ji ana raɗa cewa marigayiya mutuniyar kirki ce, sai dai taurin kai. Ni ban yarda da wannan "sai dai" ba, domin taurin kan nan ne ya tsaya mini ranar da kowa ya yi shiru.

Bara aka yi mini aiki aka ciro ɗana. Na farka kamar an zuba mini garwashi a mara, allurar rage zafi kuwa ta yi ƙaranci a asibitin. Sista Asabe ce ungozomar ɗakinmu. Kowa haƙuri yake ba ni, ban da ita. Ta ninke zani ta ɗora kan ɗinkin, ta danne shi da hannuna, ta ce, "Riƙe nan kafin ki yi tari. Ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali kamar mai hura koko." Ta zauna tana matsa mini tafin ƙafa har barci ya ɗauke ni. Washegari ta koya mini juyawa gefe kafin in tashi, ta sa ni takawa zuwa taga ina hawaye ina jin haushinta. Ita ta nuna mini riƙon jariri ta ƙarƙashin hammata don kada ya danne ciwon wajen shan nono. Takan ce, "Ciwo abokin mai kwanciya ne."

Da aka sallame ni, gwaggon mijina ta ɗora tukunyar wankan jego, ruwa na tafasa da ganyen darbejiya. Na roƙe ta ta ɗaga mini saboda ɗinkin, ta ce, "Raguwa! Haihuwa ta gagare ki, wankan ma ya gagare ki?" Maigidana ya sunkuyar da kai ya fita.

Ana cikin haka sai ga Sista, daga wurin aiki, da rigar sanyi a kan fararen kayanta, ta biyo duba ni. Ta kalli tukunyar, ta je ta tsaya a ƙofar banɗaki.

"Gwaggo, da girmanki, ruwan nan ba zai taɓa ɗinkin nan ba. Na ga waɗanda aka dawo mana da su ciki a buɗe."

"Ke wace ce a gidan nan?"

"Ba kowa. Amma wadda aka tsaga cikinta don jikanki ya rayu ba raguwa ba ce. In wanka ya zama dole, ki fara da ni."

Ba ta gusa ba sai da aka sirka ruwan, ta goge mini jiki da tsumma da hannunta. Daga ranar Gwaggo ba ta ƙara amsa gaisuwarta ba. Da na ba Sista haƙuri, dariya ta yi: "Bar ta, Hauwa. Gaisuwa ba ta haɗa fata."

Yanzu haka ƙanwata na da tsohon ciki, likita ya ce aiki za a yi mata. Na riga na gaya wa dangin mijinta cewa ni zan yi zaman jegon, ko ransu ya so ko bai so ba.

Allah Ya jiƙan Sista Asabe, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata kabarinta, Ya sanyaya makwancinta. Allah Ya ba maigidanta haƙuri, Ya raya 'ya'yanta, Ya haɗa su da mai tsaya musu a ranar da ba su da ƙarfin tsayawa. Amin.