Tsoho da Agwagwa a Bakin Kogin Lea

Duk safiyar Asabar, idan Turai ta fito tattaki a bakin kogin Lea da ke Tottenham, sai ta ga tsohon nan. Dogo ne siriri, da hular sanyi da takalmin roba duk laka, ga madubin hangen nesa da ya sha ɗauri rataye a wuyansa. Tafiyarsa ba ta da sauti, ko a kan busasshen ganye.

Yau yana durƙushe a gaɓa, ya matse wata agwagwa a hammata. Zaren fatsa ne ya naɗe mata ƙafa har ya fara cin nama. Ya ciro abin yankan farce yana tsinka zaren a hankali, yana lallashinta da Hausa.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Turai.

"Yauwa, ɗiyata. Riƙe mini bakin shi, yana cizo."

Hausarsa ta mutanen Gana ce. Turai ta riƙe bakin, tana kallon hannayensa da ba sa rawa. Tana raya wa ranta ko ma'aikacin gandun daji ne a da, irin masu ratsa kurmi da baƙi su nuna musu sawun giwa.

Ya saki agwagwar, ta ɗingisa ta faɗa ruwa. Ya dunƙule zaren ya sa a aljihu don kada wata ta taka, sannan ya duba agogo.

"Na yi late," ya ce. Ya zaro rigar masu sharar council, wato ƙaramar hukuma, daga jaka, ya nufi tashar bas.