Sufadun da na ɗinka wa ƙanin mijina

Shekarar da muka ji za a ɗauke sunan garinmu a ba sabon birnin gwamnati, malaman makaranta da dattawan unguwa suka ce a yi wasan kwaikwayo, a nuna yadda kakanni suka taso daga Zazzau da ƙafa har suka kafa garin nan. Suka ce ba mai shiga fili da silifas ko takalmin taya. Sufadu suke so, irin na da, fata mai laushi da ke bin ƙafa kamar safa.

Lokacin ban san bihim ba, don sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma dukanci na iya. Mijina baduku ne a unguwar Wambai, kuma tun da idonsa ya fara rauni ni ke ɗinki a cikin gida, shi yana kaiwa kasuwa. Da ya rasu, ina cikin takaba ƙaninsa ya shigo ya kwashe jakar kayan aiki, wuƙa da basilla da komai, ya zauna a rumfarsa ta kasuwa. Na aika masa ya dawo min da jakar, ya ce mace ba ta dukanci.

Shi aka ba aikin sufadun, aka kuma sa shi cikin masu wasan, shi ne jagoran ayari saboda tsayinsa. Bai iya ɗinkin sufadu ba. Takalmin taya ne iyakar saninsa. Sai ga shi a zaure da ƙullin jar fata daga kasuwar Madalla.

"Matar yaya, ki ɗan taimaka. Amma maganar ta tsaya tsakaninmu."

"Mace ce za ta taimaka? Ashe ta fara dukanci?"

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa."

Na karɓa, da sharaɗin ya ara min wuƙar mijina. Aro, ka ji fa.

Sufadu ba a yin sa da ka. Mutum zai taka ƙafa a kan kwali yana tsaye, bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta sha yawo ta buɗe, a zaga ta da gawayi, a laluba inda ƙashi ya fito. Ya riƙa turo min masu wasan, wai shi aiki ya yi masa yawa, ni awo kawai nake ɗaukar masa. Kowa ya zo ya taka. Shi kuwa girman kai ya hana shi miƙa min ƙafa. Ya karya kara daidai tsawon tafinsa ya aiko.

Kara tsawo yake faɗa, ba ya faɗin faɗi. Ni kuma na san ƙafarsa tun yana yaro yana cin tuwona: shimfiɗaɗɗiya ce, ga ƙashi a gindin babban yatsa kamar goro. Na sani sarai. Na yanka daidai karan, daga gadon bayan fata inda ba ta miƙewa, na ɗinke da kyau. Abin da ya aiko shi na ɗinka.

Ranar wasa na tsaya cikin mata a bakin filin makaranta. Ayari ya taso, kowa na tafiya kamar ba takalmi a ƙafarsa, jagora kuwa yana ɗingishi. Kafin su kai inda aka kafa bukkar sabon gari ya zauna a ƙasa yana fizgar sufadun, ya ƙi fita. Wani tsoho ya ce, "Baduku, ka yi wa kowa daidai ka manta da kanka?" Fili ya ɗauki dariya.

Zafi da kunya suka sa ya miƙe yana nuna ni. "Ba ni na ɗinka ba. Waccan muguwar ce."

"Wanne daga cikin sufadun?" na ce.

An riga an ji. Masu wasan suka dubi ƙafafunsu, suka dube ni.

Washegari ya aiko a karɓi wuƙar. Na ce wa ɗan aiken ya gaya masa ya zo da kansa, ya taho da sauran jakar, in ya so mu je gaban mai unguwa ya maimaita abin da ya faɗa a fili. Bai zo ba. Jakar ce ta zo, a kan matarsa, ta dire ta a tsakar gida ba sallama.